Gudun tara kuɗin taimako: shirin mako takwas ga wanda bai taɓa gudu ba

Yawancin gudun da ake shiryawa a Legas don tara wa marayu ko marasa lafiya kuɗi kilomita 5 ne, wani lokaci 10. Ba tsere ba ne, ba mai korarka idan ka taka da ƙafa. Amma wanda rabonsa da gudu tun firamare, in ya tashi rana ɗaya ya ce zai yi kilomita 5 a wannan zafi mai gumi, kafin ya ci rabin hanya zai nemi wurin zama.

Abin da ke kayar da sabon shiga shi ne sauri. Zai fito ranar farko ya zura da gudu kamar an biyo shi, minti uku numfashi ya ƙare, washegari ƙwauri na zogi, shi ke nan an ajiye takalmi. Ma'aunin mai sauƙi ne: in ba ka iya yi wa na kusa da kai magana jimla guda kana gudu ba, ka yi sauri da yawa. Sassarfa ake so.

Kwana uku a mako ya isa, da hutun kwana ɗaya a tsakani, misali Talata, Alhamis da Asabar. Kullum a fara da tafiyar minti 5 mai ɗan ƙarfi. Makon farko da na biyu, gudu minti 1, tafiya minti 1 da rabi, sau takwas. Mako na uku da na huɗu, gudu minti 3, tafiya minti 2, sau biyar. Na biyar da na shida a kai gudun minti 8, tafiya minti 2, sau uku. Na bakwai da na takwas sai a gwada minti 20 zuwa 25 ba tsayawa. Makon da ya gagara a maimaita shi, ba abin kunya ba ne. Dalilin hutun kuwa, huhu da zuciya suna saurin sabawa, amma ƙashi da jijiyoyi sai a hankali, shi ya sa mutum zai ji yana da sauran numfashi alhali ƙwauri da gwiwa sun fara kuka.

Lokaci mafi kyau bayan sallar asuba, gari ya ɗan waye, kafin hayaƙin motocin danfo ya cika titi. Danshin iskar Legas yana hana gumi bushewa, jiki ba ya saurin hucewa, don haka gudun ƙarfe goma na safe wahalar banza ce. Na Idi-Araba suna kusa da babban filin wasa na Surulere, na Obalende kuma gadar Lekki zuwa Ikoyi ba ta yi musu nisa ba. In ka samu filin da ke da layin gudu, zagaye ɗaya mita 400 ne, sha biyu da rabi ya ba ka kilomita 5. Wanda titi kawai ya samu, ya fuskanci motocin da ke tahowa, ya cire abin kunne, ya kuma sa ido kan kwata marar murfi da 'yan acaɓa.

Takalmi shi ne abin da ya cancanci kuɗinka. Silifas da takalmin ƙwallo mai ƙusoshi ba su dace da kwalta ba. Kambas ɗin gwanjo na Yaba ko Katangowa zai yi, in dai ka juya shi ka ga dunduniyar ba ta cinye gefe ɗaya ba. Gwada shi da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, kuma a bar sarari kamar faɗin babban yatsa a gaba, in ba haka ba farce zai yi baƙi. Safar auduga tana riƙe gumi ta jawo bororo. A shafa basilin tsakanin cinyoyi da hammata. Mata su nemi hijabi marar nauyi, wanda ba ya kai ƙasa balle ya harɗe ƙafa.

Ledar fiya wata ɗaya kamar awa guda kafin fita, wata bayan an dawo. Fitsari ya yi ja-ja, ruwa bai isa ba. In shirin ya faɗo cikin azumi, a mayar da shi bayan shan ruwa, a rage tsawo.

Mai hawan jini, ciwon suga ko ciwon zuciya ya fara ganin likita. Tsamin jiki na kwana biyu ba komai ba ne. Ciwon ƙirji, jiri, ko zafi a wuri ɗaya da ke sa ɗingishi, wannan a tsaya.

Kafin ka biya kuɗin rajista ko ka fara karɓar gudummawar 'yan uwa, tambayi masu shiryawa wa za a ba kuɗin, nawa kuma ke tafiya wajen riga da ruwa. Kwana biyu kafin ranar gudun a huta. Da safe ayaba ɗaya da ɗan biredin Agege awa biyu kafin a tashi sun isa, ƙosai da mai ya jira sai an dawo. Kada ka sa sabon takalmi ranar. Ka tsaya can baya a layi, don na gaba za su fizge ka da saurinsu, ka yi kilomitar farko a hankali fiye da yadda ka saba.