Bin Fadamun Galma Neman Agwagwar Daji

A farkon Disamba, da hunturu ya fara kankama, na bi fadamun gabashin Zariya don in duba inda agwagin daji suka sauka a bana. Ban ɗauki bindiga ba. Abin da na rataya shi ne tabarau mai hangen nesa, gorar ruwa, da takalmin roba mai kai wa gwiwa. Wannan fita ta duba wuri ita ce rabin farautar, kuma da ita ya kamata sabon shiga ya fara, domin yawancin masu dawowa hannu rabbana ba rashin iya harbi ne ya kayar da su ba, zama suka yi a inda tsuntsu ba ya bi.

Na fara biyawa ta Samaru, bakin dam ɗin Kubanni. Nan ba wurin harbi ba ne, ruwan jami'a ne kuma jama'a na kai da kawo, amma makaranta ce mai kyau ga mai koyon gane tsuntsu. Wadda za ka fi gani a ƙasarmu ita ce kirinjijiya: farar fuska, baƙar ƙeya, dogon wuya, tana tsayuwa miƙe, kuma tana tashi da fito mai gaɓa uku wanda za ka ji tun kafin ka hango garken. Sai dinya, babba, baƙa, cikinta fari, wadda namijinta kan haura kilo 5, tana da ƙaho mai tsini a gwiwar fiffike. Akwai kuma baƙi, ƙananan agwagi da ke tasowa daga Turai wajen Oktoba su koma wajen Maris. Wanda bai iya raba waɗannan da belbela ko zalɓe a sama ba, lokacin ɗaukar bindigarsa bai yi ba.

Daga nan na ratsa Sabon Gari na kama hanyar Jos, na sauka wajen Dakace, inda Galma ke shimfiɗe da fadamunsa. Kusa da gada babu abin nema. Injinan ban ruwa na ta ruri, masu tumatir da albasa da rake sun cika gaɓa, ga masu wankin babur. Agwagwa ba ta son wannan hayaniya, kuma ko da tana nan, ƙwayoyin harsashi na iya tafiya fiye da mita 200, ba a harbi inda mutane ke sunkuye cikin gona. Sai na bar titi na bi hanyar ƙafa, ina bin gaɓa ta inda gonaki ke raguwa.

Ba tsakiyar kogi ake dubawa ba. Abin nema shi ne tafkunan da ambaliyar damina ta bari a gefe, masu ruwa iya ƙwauri zuwa gwiwa, inda bado ya yi fure, burugu ya tsaya, ko tsohuwar gonar shinkafa da aka girbe ruwa bai gama janyewa ba. A irin wannan wuri na durƙusa na duba laka. Sawun agwagwa yatsu uku ne da fata a tsakani, dabam da na zalɓe mai dogayen yatsu a warwatse. Ga ƙananan gashin ƙirji iska ta tara su a gefe guda, ga kashi kore-kore da bai bushe ba, ga kan ciyawa a tsattsage an zage 'ya'yan. Kashin da ya yi fari ya bushe labarin makon jiya ne, tsuntsayen sun riga sun canja wuri. Ɗanye shi ne na daren jiya.

Kirinjijiya da dare take kiwo. Da rana tana hutawa a kan yashi ko tsibirin da ruwa ya kewaye, inda take hango duk mai zuwa. Don haka wuri biyu ake nema, makwanci da makiyaya, sannan hanyar da take bi tsakaninsu da asuba da kuma gab da magariba. A kan wannan hanya ake zama. Harbi a makwanci kuskure ne babba: sau ɗaya ko biyu, garken ya bar yankin ɗungurungum, kai da sauran maharba duk kun yi asara.

A wani lungu na tarar da wani dattijo masunci yana gyaran mali. Bayan mun gaisa na ce, "Baba, ta ina suke shigowa da yamma?" Ya nuna wata giginya da ke tsaye ita kaɗai a hayi. "Ta kanta suke biyowa, ɗana, in rana ta yi ja. Amma shanu na sauka shan ruwa a mashayar can bayan la'asar, ka kiyaye." Na zauna har magariba, kuma ta kan giginyar suka ɓullo, ƙasa-ƙasa, garke bayan garke. Masunta da masu noman rani su ne suka fi kowa sanin wannan, tunda a bakin ruwan suke kwana. Kafin ka dawo da bindiga kuma, ka je ka gai da mai unguwa ko dagaci, ka nemi Sarkin Ruwa da Sarkin Baka idan akwai, a sanar da 'yan banga. A halin tsaron da ake ciki, baƙon fuska da bindiga cikin duhun asuba yana jefa kansa cikin haɗari, kuma dazuzzukan yamma wajen Giwa da Birnin Gwari ba na bai wa kowa shawarar zuwa. Takarda ma dole ce. Dokar makamai ta 1959 ta ce bindigar harsashi sai da lasisin Sufeto Janar na 'yan sanda, ta toka kuma sai da izinin Kwamishinan 'yan sandan jiha.

Washegari da asuba na koma don in zaɓi mazauni, kuma a nan hunturu ke yi wa maharbi gata. Agwagwa tana sauka ne tana fuskantar iska. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, rana ma daga gabas take fitowa, saboda haka idan ka zauna a gaɓar arewa maso gabas ta tafki, iska da rana duk suna bayanka. Tsuntsu zai zo yana fuskantarka, ya rage gudu, hasken na cikin idonsa, ba naka ba. Maɓoya a yi ta da ciyawar wurin, tsayinta iya kafaɗar mutum a zaune. Sabuwar zana mai ɗaukar ido tana korarsu. Tufafi masu launin ƙasa, hula ta rufe goshi, kuma kada a ɗaga fuska sama har sai sun shigo, don fuska da motsi suke fara gani. Masu sa agwagin ƙarya kan sassaƙa su da icce marar nauyi ko su yi da duma, a shafa baƙi da ruwan ƙasa, a ɗaure da igiya da dutse. Shida zuwa goma sun isa, a taku 20 zuwa 25 daga maɓoya, a bar fili a tsakiya inda na gaske za su sauka.

Bindiga mai lamba 12 (lambar faɗin bututunta ce) ita ce aka fi samu. Harsashi mai ƙwaya lamba 4 ko 5 ya dace da kirinjijiya, dinya kuwa gashinta kauri gare shi, sai manyan ƙwaya, lamba 2 ko BB. Iyakar harbi mita 30 zuwa 35. Abin da ya wuce haka raunata tsuntsu kawai ake yi, ya je ya mutu cikin ciyawa ba wanda ya amfana. Kafin fita, a kafa kwali a taku 30, a zana da'ira mai faɗin santimita 75, a harba a ga yadda ƙwayoyin suka bazu da inda suka karkata. Sabon maharbi kusan kullum bayan tsuntsu yake harbi, domin yana tsayar da bindiga lokacin da zai ja kunama. A bi tsuntsun da bakin bindiga, a wuce kansa, a ja, hannu na ci gaba da tafiya. Kuma a zaɓi guda ɗaya. Mai auna garke duka ba ya samun ko ɗaya.

Abin da ya fi ba ni tsoro a fadama laka ce. Mutum ya zame, bakin bindiga ya caki ƙasa, ya tashi bai duba ba. Toshiyar da ba ta kai kan yatsa ba tana iya fasa bututun a hannunsa. Duk lokacin da aka faɗi, a karya bindiga, wato a buɗe ta, a cire harsashi, a leƙa ciki. Kada a harbi tsuntsu a kan ruwa idan akwai mutum ko dabba a hayi, ƙwaya tana tsalle a kan ruwa. Ruwan kwance kuma gidan tsargiya ne da matsattsaku, shi ya sa takalmin roba ba ado ba ne.

A yi bisimilla kafin a harba, wuƙa na kusa, wanda aka tarar da rai a yanka shi nan take. Dinya mai rauni a kama ta ta wuya da gindin fiffike, don ƙahon nan yana tsaga hannu. A fitar da hanji da wuri, a rataye a inuwa, kada a cusa cikin leda. Tsuntsun da aka tsinta a mace ko yana layi, a bar shi, don yana iya ɗauke da murar tsuntsaye, wadda aka fara tabbatarwa a Nijeriya a 2006, a wata gonar kaji a Jaji, nan kan hanyar Kaduna. Masu barbaɗa hatsi da maganin ƙwari a bakin ruwa kuwa ba maharba ba ne, suna kashe garke duka su kai wa mutane guba kasuwa. Haka nan damina lokacin ƙwai da 'yan tsaki ne, ba a taɓa su.

Na ƙarasa har wajen Maigana kafin in juyo. Tafkunan da ke kusa da titi sun fara ƙafewa, kuma zuwa Fabrairu yawancinsu za su zama busasshiyar laka, tsuntsayen su koma manyan ruwaye. Mai son ganin garke na gaske ya nufi dausayin Haɗeja da Nguru, amma ya sani Dagona da Baturiya wurare ne da aka keɓe don kare tsuntsaye, da tabarau ake shigarsu.