Fuskokin da na gani a Maraɗi

Daga Katsina muka ɗauki hanyar Jibiya, muka tsallaka iyaka a Ɗan Isa, kafin azahar muna Maraɗi. Biki ya kai ni, amma inda na fi daɗewa shi ne rumfar wani mai zane kusa da babbar kasuwa. Abincinsa yana fitowa daga allunan shagunan aski da na tela. Zanen fuska da fensir da gawayi kuwa sai jefi-jefi, don a garin akwai masu ƙyamar hoton abu mai rai.

Ina zaune wani saurayi ya sauka daga kabu-kabu, ya miƙo tsohon katin ɗan ƙasa na kakansa, hoton duk ya koɗe. Mai zanen ya ɗaga katin ya duba a haske, ya ce, “Samari, tsohon nan Bagobiri ne ko Bakatsine?”

“Na Tsibiri ne, Baba.”

“To, tsagarsa zan fara sawa, sannan ido.”

Tambayar tana da tushe. Katsinawan da jihadi ya raba da birninsu bayan 1807 su suka riƙe Maraɗi, har yau ana ce wa sarkin Sarkin Katsina. Gobirawa kuma suka kafa Tsibiri nan kusa. A fuska ake bambance su. Na ga yadda ya ja layukan Gobirci daga gefen baki zuwa wajen kunne, shida a kunci ɗaya, bakwai a ɗayan, yana murza gawayin da ɗan yatsa don su nutse cikin fatar tsufa, kada su fito kamar an yanka jiya. Saurayin nasa kuncin sumul yake, wanzami bai taɓa shi ba, amma shi ne ke ƙirga layukan yana tsoron a rage ɗaya.

Sun ɗan yi gardama kan rawani. Yaron yana so a naɗa wa kakan, mai zanen ya ƙi, ya ce mutumin manomi ne, ba a taɓa naɗa shi ba, malfa ce tasa. Ni dai na goyi bayan mai zanen, ko da yake ba a tambaye ni ba. Suka shirya a jaka biyar, malfar ta zauna.

Da na tambayi kuɗin tawa fuskar, ya dube ni sama da ƙasa, ya ce jaka uku ta isa, babu aiki da yawa a kanta.