Kofin al'ada ya nuna mini abin da auduga ta ɓoye mini shekara da shekaru

Saboda hanya na sayi kofin al'ada. Ina sarin atamfa da leshi a Kantin Kwari ina kawowa Gusau, kuma duk wadda ta san hanyar Tsafe zuwa Funtuwa ta san ba inda mace za ta ce wa direba ya tsaya ta zaga ba ne. Idan tafiya ta faɗo a kwanakin al'adata, nakan haɗa auduga biyu, in ƙara da ƙunzugun tsumma, in sa baƙin zane, in zauna a mota ban da numfashi ba na komai. Da na ji an ce akwai wani ɗan kofi na silikon da mace ke sakawa a gabanta ya tare jinin, yana kaiwa awa 12 ba a cire ba, kuma guda ɗaya yana yin shekaru, ban yi dogon tunani ba.

Wajen zaɓe, mai sayarwar tambaya ɗaya ta yi mini a waya: "Hajiya, kin haihu?" Na ce uku. Ta ce to babba. Allah ya taimake ni maƙwabciyata ma'aikaciyar jinya ce, ita ta ce in dakata tukuna. Ta ce haihuwa tana cikin lissafi, amma a duba nisan bakin mahaifa ma. A wanke hannu a lokacin al'ada, a sa yatsa. Idan an taɓo shi tun yatsa bai yi nisa ba, gajeren kofi ake nema, idan kuma da ƙyar ake kaiwa, dogo. Nawa yana can sama, don haka babban ya yi mini daidai. Ta kuma hana ni sayen masu arhar nan da ba sunan kamfani, ba takarda, ba bayanin irin silikon ɗin.

Sakawa da cirewa ba zan daɗe a kai ba. Watan farko akwai fama, na biyu hannu ya saba. A ninke, a tsuguna, a saki jiki, a tabbatar ya buɗe a ciki. Wajen cirewa kada a ja 'yar jelar da ke gindin kofin da ƙarfi. A matse gindin kofin iska ta shiga ya saki, sannan a zaro a hankali.

Abin da ya sa nake wannan rubutu shi ne awa 12 ɗin nan. Ni a rana ta biyu da ta uku ko awa uku ba na kaiwa sai in ji ɗumi ya biyo. Na kira mai sayarwar, ta ce ban iya sakawa ba ne, ko kuma in sayi wani mai tauri. Saura kaɗan in tura kuɗi. Amma duk lokacin da na cire, kofin a buɗe yake, a zaune daidai, kuma cike yake har ya rufe ƙananan hujojin da ke bakinsa. Ba yoyo yake ba, ambaliya yake yi. Kofin da ke cin mililita 30.

A jikinsa akwai layukan awo. Na fara rubutawa a bayan littafin da nake rubuta bashin kwastomomi: lokaci kaza, cike; lokaci kaza, rabi; gudaji kaza. Da al'adar ta ɗauke na haɗa lissafi, ya haura mililita 300. Na kai wa maƙwabciyata. Ta duba littafin, ta janyo fatar idona ta leƙa, ta ce, "Maman yara, gobe asibiti za ki, kuma da littafin nan za ki tafi."

Har yau idan na tuna raina yana ɓaci. Tun bayan haihuwata ta biyu nake cewa jinin nan ya yi yawa. Inna takan ce, "Haka jinin gidanmu yake, ni ma haka na yi, kakarki ma haka." Ba na ganin laifinta, abin da ta tarar ke nan. Amma na sha faɗa a wani kyamis, aka ce in sha lemon malt da madara da ruwan ganyen ugu. Na taɓa faɗa a wani asibiti, aka tambaye ni auduga nawa nake canzawa, na ce ya danganta, aka rubuta mini maganin ciwon mara aka kira na gaba. To me zan ce? Auduga tana shanye jini ne ta ɓoye shi. Wata mace tana canzawa da ta ga ɗigo, wata sai ta jiƙe sharkaf saboda tsada. "Da yawa" a bakina da "da yawa" a bakin wata ba abu ɗaya ba ne, kuma ba ni da abin da zan nuna.

Duk tsawon shekarun nan ina fama da jiri idan na miƙe daga sujada. Ina haki idan na ɗauki bandir ɗin atamfa daga bakin titi zuwa shago. Azumi yana ba ni wuya fiye da kowa a gidan. Ga cin farar ƙasa da taunar ƙanƙara, har yara suna yi mini tsiya ko ciki ne da ni. Na ɗora wa zafin Gusau, na ɗora wa raino, na ɗora wa kasuwa.

A wannan karon da na ajiye littafin gaban likita, maganar ta canza. Ta yi mini bayani cewa a wajensu jinin da ya wuce mililita 80 a al'ada ɗaya ya yi yawa. Ta ce ba duk abin da ke taruwa a kofi ne jini tsantsa ba, akwai ruwa da fatar cikin mahaifa a ciki, amma ko an cire wannan, nawa ya zarce. Aka auna jinina aka same shi ƙasa sosai. Ta ce macen da ba ta da ciki, idan awon ƙarfin jininta, wato haemoglobin, ya gaza 12, tana da ƙarancin jini. Aka yi hoton mara aka ga ƙari a mahaifa, irin wanda ba daji ba, wanda ta ce yana da yawa a jikin matan Afirka. Har kwaɗayin farar ƙasar ta ce alama ce ta ƙarancin sinadarin ƙarfe a jiki. Aka ɗora ni a kan maganin ƙarin jini, aka ce kada in haɗa shi da shayi domin yana hana jiki tsotsarsa, aka ba ni wani na rage zubar a kwanakin al'ada, kuma ana bibiyar ƙarin. Cikin 'yan watanni na fara hawa benen kasuwa ba tare da na tsaya a tsakiya ba. Alhamdulillahi.

Don haka wadda duk ta sayi kofi ta ga yana cika mata da wuri, kada ta yarda a ce mata hannunta ne. Ta duba tukuna: idan ta cire ta ga rabi ne kuma ya ɓata mata kamfai, wannan matsalar zama ce ko girma. Idan cike yake taf duk bayan awa biyu ko uku, ko gudaji manya suna fita, ko kwanakin suna wuce bakwai, wannan maganar asibiti ce, ba ta mai sayar da kofi ba.

Sauran abubuwan a taƙaice. Ruwa shi ne rabin aikin. A gida ba matsala, amma a kasuwa nakan shiga bayan gida da butata da ɗan sabulu, domin hannu mai datti ya fi kofin haɗari. A yi hankali da masai, idan ya suɓuce ya tafi ke nan. Ina da 'yar tukunya ta daban da nake tafasa shi minti biyar zuwa goma bayan kowace al'ada, in shanya a inuwa, in sa a jakar yadi, ba leda ba. Kada a wuce awa 12 ko da bai cika ba, kuma idan zazzaɓi mai zafi da amai ko ƙuraje suka zo kwatsam yana jiki, a cire a tafi asibiti nan take. Mai jinin biƙi ba nata ba ne. Mai robar tsarin iyali ta cikin mahaifa ta fara tambayar likita, domin kamun kofin yana iya janyo ta. A kwanakin ƙarshe nakan ajiye shi in koma ƙyalle mai tsabta, saboda in iya duba tsarkina yadda aka koya mana a Islamiyya.

Mu huɗu ne mata a ɗakin Inna, kuma dukanmu da wannan magana ta "jinin gidanmu" muka tashi. Na saya wa biyun da ke da aure kofi, na haɗa wa kowacce da ɗan littafi, na ce ta rubuta al'ada biyu a jere kafin ta ce mini lafiyarta lau. Ta Ƙauran Namoda ta riga ta kira ni, nata ma yana cika da wuri, kuma mijinta ya amince ta zo Gusau mu je asibiti tare.