Abin da renon murjani ya koyar a tekun Filorida

Murjanin Acropora cervicornis, mai rassa kamar ƙahon barewa, dabba ne, kuma yana da saurin girma: reshe kan ƙaru da santimita 10 zuwa 20 a shekara. Saurin nan kan ruɗi sabon ma'aikaci, ya ɗauka dashe shi ne aikin.

Dashen ba wuya. A yanko guntu kamar tsawon yatsa, a rataye shi da zaren fatsa a jikin bututun roba mai rassa, wanda aka ɗaure ƙasansa a gindin teku, samansa kuma da abu mai iyo. Ratayewar ce ke nisanta shi da yashi da katantanwar da ke cin namansa. Bayan wata shida zuwa tara sai a manna shi da gam a kan dutsen da aka kankare tsaf. In aka yi ganda wajen kankarewa, gansakuka za ta rufe gindin, igiyar ruwa ta ɓamɓare shi.

Darasi mai ɗaci shi ne na zafi. A cikin naman murjani akwai ƙananan tsirrai da ke ciyar da shi, su ne kuma ke ba shi launi. Da zarar zafin ruwa ya haura na watan da ya fi zafi da digiri ɗaya a ma'aunin Celsius ya kuma daɗe a haka, sai ya amayar da su ya yi fari fat. Ana tara lissafin ne mako-mako: ƙarin digiri ɗaya na mako huɗu, farin ya fara, na mako takwas, mutuwa ta shigo. A Yulin 2023 na'urar awon zafin ruwa a Manatee Bay, wani mashigin teku a kudancin jihar Filorida ta Amurka, ta nuna fiye da digiri 38. An kwashe murjani zuwa tankuna a tudu, wasu aka nutsar da su inda ya fi zurfi, amma mafi yawan dashen da aka bari a ruwa marar zurfi ya tafi, wani ma namansa ya saɓule tun bai yi fari ba.

Tun kafin wannan, wata cuta da ake kira farin zobe ta cinye yawancin irin wannan murjani daga ƙarshen shekarun 1970, sannan a 1983 annoba ta kashe bushiyar teku ta Diadema, wadda ke kiwon gansakukar duwatsu a Karibiyan. Amurka ta sa murjanin cikin halittun da ke fuskantar barazana a 2006.

Sai kuskuren da ba a gani da ido: guntaye dubu daga uwa ɗaya halitta ɗaya ce. Cuta ɗaya ta ishe su duka, kuma ba sa barbara a junansu. Shi ya sa ake maƙala wa kowace zuriya lamba, a cakuɗa su kusa da juna a wurin dashe, domin daren da suke sakin ƙwai da maniyyi, kwanaki kaɗan bayan cikar farin wata a Agusta, ƙwan wannan ya gamu da maniyyin wancan.