Bakin Inna da idanunta

Ranar da na ga Inna tana tsoma lomar tuwo cikin ruwa kafin ta kai baki, na ce, "Inna, miyar ce ba ta yi ba?" Ta ce, "Ke dai bari, bakin ne kamar an zuba masa toka."

Lokacin ta shekara biyu tana shan magungunan ciwon karkarwa, wato Parkinson: levodopa da Artane. Tun farko likita ya faɗa mana Artane na busar da baki, don yana toshe saƙon jijiyar da ke sa miyau ya tsatso. Ya rage mata shi kaɗan-kaɗan, ya ja mana kunne kada a yanke shi rana ɗaya. Karkarwar hannu ta ɗan ƙaru, baki kuwa yana nan jiya i yau.

Abin da ya ruɗe ni, kullum da safe matashinta a jiƙe yake da dalala. Mai dalala a ce ba ta da miyau? Ashe ciwon ne ke rage yawan haɗiya, sai ɗan abin da ke akwai ya taru ya zubo.

Ta kan ce idanunta kamar an watsa yashi, muka ɗora wa hunturu. Damina ta sauka, yashin bai fita ba. Sai a zaman makokin yayarta na lura tana ta sheshsheƙa, amma kuncinta a bushe.

Da na faɗa wa likita, aka maƙala mata siririyar takarda a fatar ido ta ƙasa na minti 5 don a auna hawaye, jiƙewar ba ta kai milimita 5 ba, wato hawayen sun yi ƙaranci. Gwajin jini na anti-Ro ya nuna ciwon Sjögren, wanda ya ci sunan wani likitan ido ɗan Sweden da ya bayyana shi a 1933. Garkuwar jiki ce ke juyowa kan wuraren da ke samar da miyau da hawaye, kuma kusan 9 cikin 10 na masu shi mata ne.

Wata da watanni ina ba ta alewa ta tsotsa, a ganina taimako ne. Haƙora biyu suka ruɓe daga gindi, aka cire. Wannan laifina ne.

Yanzu cingam marar sukari take taunawa, ga kofin ruwa a gefen tabarma, ga maganin ɗigawa a ido. Goro ne kawai muka yi, muka yi, ta ce sai dai bayan ranta.