"Ai ni rakiya kawai na yi, Malam"

Ina koyar da Sibik, wato darasin haƙƙi da nauyin ɗan ƙasa, a wata sakandaren gwamnati a nan Kano, 'yan SS2 da SS3, kuma tun zangon da ya wuce na fara ware firiyod ɗaya duk mako biyu muna zancen dokar laifuka, musamman laifin da ake yi wa jikin mutum da ransa, duka da rauni da kisa da ƙwace da makami. Silabus bai tilasta min ba. Abin da ya tilasta min wani ɗalibina ne da kujerarsa ta zauna babu kowa har zango ya ƙare, yaro mai shiru-shiru wanda ban taɓa kama shi da ko surutu a aji ba, ya bi 'yan unguwarsu zuwa kallon ƙwallo, faɗa ya ɓarke, wani a cikinsu ya zaro wuƙa, shi kuma yana riƙe da rigar yaron da aka soka. Da na je duba shi a inda ake tsare da shi maganar da ya yi ta maimaita min ita ce ai shi rakiya kawai ya yi. Kuma wallahi har zuciyarsa ya yarda cewa wannan hujja ce da za ta fitar da shi.

Shekara uku muna koya wa yaran nan rassan gwamnati uku da ma'anar dimokuraɗiyya da illar shaye-shaye, su haddace su zuba a WAEC su manta, amma dokar da za ta iya cinye musu rayuwa a yammaci ɗaya babu wanda ya taɓa buɗe musu ita. Sai a caji ofis suke fara jin sunanta.

Ranar farko tambaya na yi musu: mutum biyar sun tare mutum ɗaya, ɗaya ne ya soka wuƙa, mutumin ya mutu, wa ya yi kisa? Kusan duk ajin suka ce mai wuƙar mana. Sai na rubuta musu sashe na 79 na Final Kod, wato kundin dokar laifuka na Arewa, a allo na fassara musu, cewa idan mutane suka aikata laifi bisa niyya ɗaya da suka yi tarayya a kanta, to kowannensu doka za ta kama shi kamar shi kaɗai ne ya aikata. Mai riƙe hannu, mai tare hanya, mai gadin bakin lungu. Sannan ga babin taimaka wa laifi, wanda ya zuga da wanda ya ba da aron makami yana sane da abin da za a yi da shi. Ajin ya yi tsit, irin tsit ɗin da malami yake ganewa ba na gajiya ba ne. Wani daga baya ya ɗaga hannu ya ce Malam ai wannan dokar Turawa ce.

Na ji daɗin wannan maganar sosai don ita ta buɗe mana tarihi. Final Kod ɗin da muke amfani da ita a Arewa an yi ta a 1959 zamanin gwamnatin Sardauna, ta fara aiki a 1960, kuma daga ta Sudan aka ɗauko tsarinta, ita ma ta Sudan daga ta Indiya ta 1860, an zaɓi wannan hanyar ne saboda ƙasashe ne masu Musulmi da yawa, har ma Alƙalin Alƙalan Sudan na lokacin, Abu Rannat, shi ya jagoranci kwamitin masanan da ya ba da shawarar. Kudu kuma tasu daban ce. Daga baya a 2000 jihohi irin su Zamfara da Kano suka dawo da dokar laifuka ta Shari'a. To na ce masa mu ajiye ta Turawan, mu je wajen malamin Islamiyyarku, ka tambaye shi hukuncin da Sayyidina Umar ya yanke wa gungun mutanen da suka haɗu suka kashe mutum ɗaya a San'a, duk ya sa aka kashe su, ya kuma ce da mutanen garin kaf ne suka haɗa baki da haka zai yi musu. Mazhabar Malikiyya da muke bi a kan haka take. Duk ƙofar da ka bi dai wuri ɗaya za ka ɓulla.

Inda muka fi daɗewa shi ne maganar niyya, don yara suna ɗauka in ka ce "ban yi niyyar kashe shi ba" shi ke nan an gama. Sashe na 221, wato kisan da hukuncinsa kisa ne, bai tsaya kan wanda ya yi niyyar kisa kaɗai ba, ya haɗa da wanda ya sani ko ya kamata ya sani cewa abin da ya yi mutuwa ce mafi rinjayen sakamakonsa. Ka ɗauki gora ka maka wa mutum a ka, ka caka masa almakashi a wuya, alƙali ba zai buɗe ƙirjinka ya duba niyya ba, makamin zai duba da wurin da ka sara da ƙarfin da ka sa. Sashe na 222 ya kawo sassauci a wasu wurare, kamar tsokana mai tsanani ta ba-zata da ta gusar wa mutum da hankali nan take, ko faɗan da ya tashi kwatsam ba shiri, amma shi ma sassaucin zai iya kai mutum ɗaurin rai da rai. Kuma wanda ya tafi gida ya ɗauko wuƙa ya dawo, wannan ya samu lokacin hucewa, da wuya ya ci wannan sassaucin. Na ga wasu suna kallon juna da na faɗi haka.

Abin da ya fi ba su mamaki kuwa haƙori ne. A sashe na 241 karya ƙashi ko haƙori, ko lalata fuska har abada, ko raunin da ya kwantar da mutum kwana 20 cikin azaba, duk mummunan rauni ne, ba rauni na yau da kullum ba. Naushin da ake yi a bayan aji lokacin tara ana ihu ana dariya yana iya zama wannan.

Ƙwacen waya ba sai na yi musu dogon bayani ba, kusan kowa a ajin ya san wanda aka yi wa. Abin da ba su sani ba shi ne dokar fashi da makami ta 1984 ba ta bambance bindiga da wuƙa ba, kuma ta ambaci wanda yake tare da mai makamin, hukuncin kisa ne, ko da wayar ba ta kai dubu ashirin ba.

Sai muka juya ɗaya gefen, kuma nan ne muka yi musu mai zafi. Na ce to an kama ɓarawon wayar, jama'a sun taru, an ce a kawo taya da fetur, kai ma ka jefa dutse ɗaya. Da yawansu suka ce Malam ai maganinsu ke nan, in an kai su wajen 'yan sanda gobe za ka gan su a unguwa. Ban ƙaryata su ba don ni ma a garin nan nake, kuma ɓacin ran nan na gaske ne. Amma na tuna musu mafarauta 16 'yan Arewa da aka kashe a Uromi ta jihar Edo a watan Maris na 2025 suna hanyar dawowa gida yin Sallah, su ma waɗanda suka taru a kansu sun tabbatar wa kansu cewa masu laifi suka kama. Ga ɗaliban jami'ar Fatakwal huɗu da aka ƙona a Aluu a 2012 bisa zargin sata, a 2017 kotu ta yanke wa mutum uku hukuncin kisa a kan haka. Sashe na 36 na tsarin mulkin 1999 da ya ce mutum ba mai laifi ba ne har sai kotu ta tabbatar, ba don a kare ɓarayi aka rubuta shi ba, an rubuta shi ne saboda ranar da wani zai nuna ka a kasuwar da ba a san ka ba ya yi ihun ɓarawo.

Wani abokin aikina ya ce min kar in koya wa yara hanyoyin zille wa doka. Na gayyace shi ya zauna a bayan aji, ya zo sau ɗaya, yanzu shi yake tuna min in mako ya zagayo. Ina so kuma in samu lauya mace ta zo ta yi wa makarantar 'yan matan da ke kusa da mu bayanin fyaɗe da cin zarafi da inda ake kai ƙara, don wannan ba bakina ya kamata su ji shi ba, za su fi sakin jiki da ita.

Ranar Alhamis da ta wuce bayan an tashi ina tattara littattafai wani yaro ya tsaya a bakin ƙofa har kowa ya watse, sannan ya matso ya ce Malam, idan yayanka ya ba ka ajiyar abu a ƙarƙashin katifa, kuma ka san abin da ake yi da shi, kai ma kana ciki? Na ce masa ya ja kujera ya zauna. Mun yi magana har aka kira la'asar, kuma gobe in Allah ya kai mu zan je in ga mahaifinsu a shago.