Aiki da littafin Jupyter a Wikipedia ta Hausa ba tare da an ɓata shafuka ba

Akwai tambayoyin da mai gyaran Wikipedia ba zai iya amsa su da hannu ba. Masu shirya taron rubuta muƙalu suna son jerin matan Najeriya da Nijar da aka rubuta tarihinsu da wasu harsuna amma babu da Hausa. Wani kuma yana son sanin muƙalun da babu shafi ko ɗaya da ke nuni gare su. Idan aka ce a bi shafi-shafi, makonni za su wuce ba a gama ba. Irin wannan aikin ne littafin Jupyter ya fi dacewa da shi.

Littafin Jupyter shafi ne da ake buɗewa a burauza, an raba shi akwati-akwati. A wani akwatin ka rubuta kod, ka danna Shift da Enter, sakamakon ya fito nan take a ƙarƙashinsa. A wani ka rubuta bayani da Hausa na abin da kake yi da dalilinsa. Tsarin ya samo asali daga IPython da Fernando Pérez ya fara a 2001, aka ware shi da sunan Jupyter a 2014. Ba sai ka sa komai a kwamfutarka ba, domin Wikimedia tana da nata mai suna PAWS a hub-paws.wmcloud.org. Da asusunka na Wikipedia za ka shiga, ka amince da izinin da aka nema, ka zaɓi Python 3. Aikin lissafin duk a sabar Wikimedia ake yinsa, saboda haka tsohuwar kwamfuta ma ta isa. An riga an sa Pywikibot a ciki, wato tarin kod na Python da ake karanta shafukan wiki da gyara su da shi, kuma an haɗa shi da asusunka, babu buƙatar rubuta kalmar sirri. Kada ma a rubuta ta: duk fayil da ke cikin PAWS kowa na iya ganinsa ta public-paws.wmcloud.org, har da wanda kake zaton gwaji ne kawai.

A fara da karatu. Layi uku sun isa a ɗauko muƙala:

import pywikibot
shafin = pywikibot.Site('ha', 'wikipedia')
print(pywikibot.Page(shafin, 'Kano').text[:500])

Abin da zai fito ɗanyen rubutun wiki ne, da madogaransa da samfuransa da alamomin haɗi, ba yadda mai karatu ke gani ba. Yana da kyau ido ya saba da shi tun yanzu, don duk gyaran da za a yi daga baya a kan wannan siffar ake yinsa.

Tambayar matan nan kuwa ba Wikipedia ake yi wa ba, Wikidata ake yi wa, rumbun bayanan da aka buɗe a 2012 wanda ke haɗa shafukan dukkan harsuna. Kowane abu yana da lamba mai farawa da Q, kowace sifa da P. Mutum Q5 ne, Najeriya Q1033, Nijar Q1032, mace Q6581072. P31 na nufin wane irin abu ne, P27 ɗan wace ƙasa, P21 jinsi. Da harshen SPARQL ake tambayar:

SELECT ?m ?mLabel ?n WHERE {
 ?m wdt:P31 wd:Q5; wdt:P27 wd:Q1033; wdt:P21 wd:Q6581072; wikibase:sitelinks ?n.
 FILTER NOT EXISTS { ?s schema:about ?m; schema:isPartOf <https://ha.wikipedia.org/>. }
 SERVICE wikibase:label { bd:serviceParam wikibase:language "ha,mul,en". }
} ORDER BY DESC(?n) LIMIT 200

Sashen da ya fi amfani a nan shi ne ?n, wato yawan shafukan Wikimedia da ke da muƙala a kan mutumin. Idan aka jera daga mai yawa zuwa mai kaɗan, waɗanda harsuna talatin suka rubuta a kansu amma Hausa ba ta rubuta ba za su zo a sama, kuma a kansu ne aka fi samun majiya. A canza Q1033 zuwa Q1032, jerin Nijar ya fito. A gwada tambayar tukuna a query.wikidata.org, sannan a kawo ta littafi ta hanyar SparqlQuery da ke cikin pywikibot.data.sparql, a zuba sakamakon a teburin pandas, kayan aikin Python na sarrafa teburan bayanai.

Abu biyu ke yawan lalacewa a wannan matakin. Sabar tambayoyin Wikidata tana yanke duk tambayar da ta wuce daƙiƙa 60. Wanda ya cire sharaɗin ƙasa ya ce a kawo masa dukkan matan duniya, saƙon kuskure zai samu. Maganin shi ne a ƙuntata: ƙasa ɗaya, ko sana'a ɗaya da P106, kuma in ta kama a cire layin laƙabi, wato na SERVICE wikibase:label mai kawo sunaye, a nemo sunayen daga baya, don shi ma yana cin lokaci. Na biyun ya fi ɓoyuwa. Rashin sunan mutum a mahaɗan Hausa na Wikidata ba ya tabbatar da cewa babu muƙalar. Sau da yawa an rubuta ta, mai rubutun ne bai haɗa ta da Wikidata ba. Idan aka raba jerin haka nan a wurin taro, sai a wayi gari da muƙala biyu a kan mutum ɗaya, ɗaya da baƙaƙe masu lanƙwasa ɗaya babu. Don haka a ƙara akwati guda da zai bi kowane suna ya duba shi da site.search kafin a fitar da jerin.

Wajen fitarwa ma akwai tarko. Idan aka adana teburin da to_csv kai tsaye, aka buɗe da Excel, ƙ da ɗ da ɓ kan rikiɗe su koma wasu alamomi marasa ma'ana. A sa encoding='utf-8-sig', matsalar ta kau.

Tambayoyin da suka shafi wikin kansa, kamar muƙalun da suka fi gajarta ko yawan gyare-gyaren wata, ana yinsu da SQL a kwafin rumbun bayanai mai suna hawiki_p, wanda PAWS ke iya shiga. Babu rubutun muƙalu a cikinsa, sai bayanan da ke kewaye da su. Sunayen shafuka suna zuwa da layin ƙasa a madadin sarari, kuma sai an yi musu decode kafin su karantu. Idan tambayar ɗaya ce tak, Quarry, shafin Wikimedia da ake rubuta tambayar SQL kai tsaye a burauza, ya fi sauƙi.

Har zuwa nan babu abin da zai iya lalacewa a wiki, mafi muni dai ka ɓata lokacinka. Labari yana canzawa da zarar an rubuta page.save(). Gyaran zai fita da sunanka, da alamar PAWS a jikinsa, kuma a kan shafi na gaskiya. A ganina kashi mafi girma na amfanin littafin yana ɓangaren nemo aiki, rubutun kuma a bar wa hannun mutum sai inda gyaran ya zama iri ɗaya babu shakka a cikinsa.

Dalili na farko yana cikin yadda littafin yake aiki. Akwatunan suna jere daga sama zuwa ƙasa, amma injin da ke bayansu yana tuna su ne bisa tsarin da ka kunna su. Lambar da ke gefen kowane akwati ita ke nuna wannan. Ka ce ka gyara jerin shafuka a akwati na biyu amma ba ka sake kunna shi ba, ka sauka ka kunna na shida mai adanawa: tsohon jerin ne zai yi aiki, alhali idonka na kallon sabon. Ko ka goge akwati gaba ɗaya, abin da ya ajiye yana nan a ƙwaƙwalwar injin. Hanyar tabbatarwa ita ce a sake tayar da injin a kunna duka daga farko, to amma idan akwai akwatin adanawa a ciki, wannan zai sake aika dukkan gyare-gyaren karo na biyu. Saboda haka a sa layi a can sama, AIKA = False, a rufe kowane save da sharaɗin if AIKA. Ana kuma iya sa pywikibot.config.simulate = True, wanda ke hana duk wani rubutu zuwa wiki. Kafin a buɗe ƙofar, a duba bambancin da pywikibot.showDiff a kan shafuka goma ko ashirin, a karanta da ido. Gwajin farko a yi shi a test.wikipedia.org ko a shafin gwajin mutum.

Dalili na biyu ya shafi Hausa kai tsaye. Abu na farko da ke zuwa ran sabon mai kod shi ne ya gyara baƙaƙe masu lanƙwasa a dukkan wikin lokaci guda. Kwamfuta ba ta san cewa "an kafa makarantar" daidai yake ba, "ya karye a kafa" kuma kuskure ne. Wanda ya musanya kowane kafa da ƙafa ya gyara kaɗan ya ɓata da yawa. Ko a kalmomin da babu ruɗani, musanya ta kai tsaye tana shiga inda bai kamata ba: sunan hoto, adireshin intanet a cikin madogara, sunan samfuri, mahaɗin shafi. Harafi ɗaya ya canza a sunan fayil, hoton ya ɓace daga muƙalar. Abin da ake amfani da shi shi ne textlib.replaceExcept, a ba shi jerin wuraren da zai tsallake, irin su link, file, template, ref da hyperlink. Sannan a tuna cewa tsarin bincike na [a-z] ba ya kama ƙ, ɗ, ɓ da ƴ, amma \w yana kama su a Python 3. Alamar 'y ma tana zuwa da siffofi daban-daban da ido ba ya rarrabewa, U+0027 da U+2019 da U+02BC, ga kuma ƴ da ake rubutawa a Nijar. Wannan na ƙarshen ba kuskure ba ne, ƙa'idar rubutu ce ta wata ƙasa, kuma ba mai littafi ɗaya ne zai yanke hukunci a kanta ba.

A Wikidata ana ƙara laƙabin Hausa da editLabels, bayanin kuma da editDescriptions. Akwai abin gwaji, Q4115189, da aka ware don a yi wasa da shi. Wikidata ba ta yarda abu biyu su zo da laƙabi ɗaya da bayani ɗaya a harshe ɗaya, don haka ƙauyuka masu suna iri ɗaya da aka ba su duka "ƙauye a Najeriya" za su tsayar da aikin a tsakiya. A sa sunan ƙaramar hukuma a bayanin, a kuma kama kuskuren da try domin sauran su ci gaba. Lasisi ma ya bambanta: rubutun Wikipedia CC BY-SA ne, Wikidata kuwa CC0, saboda haka ba a kwaso jimlolin muƙala a zuba a matsayin bayani.

Pywikibot yana jiran daƙiƙa 10 tsakanin gyara da gyara, kuma yana dakatawa da kansa idan sabar ta yi nauyi. Kada a rage wannan. Ko da jiran, awa ɗaya gyara 360 ke nan, kuma a ƙaramin wiki wannan ya isa ya binne shafin sauye-sauyen baya-bayan nan, masu sintiri su kasa ganin ɓarna ta gaske. Aikin da ya kai haka yana buƙatar asusun bot na daban da amincewar al'ummar wikin, a Wikidata ma akwai shafin neman izinin. A rubuta taƙaitaccen bayanin kowane gyara da Hausa, yadda wanda ya gani zai gane abin da aka yi.

Sai batun yankewar intanet ko ɗaukewar wuta. Idan layi ya katse, injin yana ci gaba da aiki a sabar, amma abin da yake bugawa a allo a lokacin yakan salwanta, kuma PAWS yana kashe littafin da aka bari ba a taɓawa. Ka dawo ba ka san shafi na nawa aka tsaya ba. A sa kod ɗin ya riƙa rubuta sunan kowane shafi da aka gama a wani fayil, ya kuma karanta fayil ɗin a farkon kowane zagaye ya tsallake waɗanda ke ciki. Aikin da zai riƙa gudana kullum ko ya ɗauki sa'o'i da yawa, a kai shi Toolforge, dandalin Wikimedia na gudanar da bot da kayan aiki, can ne aka tanadi hanyar tsara ayyuka masu maimaituwa.